Daga Zanen Madugu a Ƙasa zuwa Zanen da Kwamfuta Ke Ganewa

 Shirin tarihi na wannan mako tambayar wani dattijo ce ta haife shi. Baban namu ɗan kasuwa ne, yana sayo shanu a Kolokonde ya kai kudu. Ya kira mu cikin damuwa, ya ce ya sayar da bijimai biyu ya sa ɗansa a jami'a don ya koyi aikin kwamfuta, sai ga yaron ya zo hutu, da ya buɗa kayensa bai ga komai ba sai zanen akwatuna da kibau, kamar wasan yara. Ya ce: "Ɗana, gaya mini gaskiya, karatu yake yi ko kuwa kuɗina ne suka bi ruwa?"

To Baba, kwantar da hankalinka. Wannan zane da ka gani shi ne tushen aikin. Kuma in ka ba ni aron kunne, zan nuna maka cewa kakanninka sun yi irinsa a kan wannan ƙasa da muke takawa, sa'an nan mu bi tarihin yadda aka yi har na'ura ta iya kallon zanen hannun mutum ta gane shi.

Hanyar Gwanja

Kafin kwalta da kamyo, Paraku da Jugu (wadda fatake ke kira Zugu) manyan zanguna ne a hanyar goro. Ayari kan taso daga Kano, Katsina ko Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa, da baƙin rini, da kayan fata, da gabu. Su haye Kwara ta wajen Ilo ko Gaya ko Busa, su shigo ƙasar Borgu, su sauka Nikki ko Paraku, su wuce Jugu inda unguwar Wangara ke karɓar baƙi, daga nan su nufi Yandi har Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau. Zuwa da komowa kan ci watanni shida, wani lokaci shekara guda. A 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama, suna komowa daga Gwanja, mutum fiye da dubu.

Mai jan wannan taro shi ne madugu, jagaba yana gaba yana duba hanya. Ku tsaya ku yi tunanin abin da ke cikin kan madugu. Jerin zanguna ne bi da bi, kuma kowane zango da sharaɗinsa. In kogi ya kawo, a jira ko a zaga ta mashigin sama. In sarkin gari ya tsawwala kuɗin fito, a ratse ta wani garin. In an ji labarin 'yan kwanta a daji, a tsaya ayari na baya ya iso a haɗu. Idan madugu zai koya wa yaronsa wannan, tsugunawa yake yi ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke: nan gari, nan rafi, nan hanya ta rabu biyu.

Har sarakuna haka suke yi. A 1824, da Clapperton ya je Sakkwato yana tambayar inda Kwara ta dosa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a kan rairayi ya zana masa yadda kogin ke tafiya. Daga baya aka ba shi taswira a takarda, wadda aka buga a London a 1826.

Yanzu ku riƙe abu uku daga aikin madugu. Na ɗaya, yin abu bi da bi, wannan kafin wancan. Na biyu, zaɓi: in kaza ya faru a yi kaza, in bai faru ba a yi wani. Na uku, maimaitawa: a yi ta tafiya ana yada zango har a isa. Duk wata manhaja da ke cikin wayarku, komai girmanta, da waɗannan ukun aka gina ta. Ba ina cewa fatake ne suka ƙera kwamfuta ba, kada a ƙara mini gishiri. Tunanin dai iri ɗaya ne.

Malamin Katsina da gidajen hatimi

Akwai wani zanen da ya fi kusa. Wani malami Bafillace ɗan Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan gidajen lissafi irin na hatimi, waɗanda duk ta inda ka tara lambobin, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya za ka samu. Abin da ya sa masana lissafi ke tunawa da shi, ya bayyana ƙa'idojin cika gidajen mataki-mataki, yadda wanda ya bi su ba sai ya yi ta canki-canki ba.

Ga ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin, ku gwada a ƙasa. Zana gida tara, uku-uku. Sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Kowace lamba ta gaba, ka haura gida ɗaya sama ka matsa ɗaya dama. In ka fita ta sama, ka shigo ta ƙasa. In ka fita ta dama, ka shigo ta hagu. In ka tarar gidan da kowa, sai ka sa lambar a ƙarƙashin wadda ka rubuta yanzu. Ka yi ta yi har 9. Layin sama zai ba ka 8, 1, 6, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 4, 9, 2. Ta ko'ina 15.

Kun ga abin da ya faru? Wanda bai san dalilin ƙa'idar ba ma, in ya bi ta daidai zai samu amsa. Haka kwamfuta take. Ba ta da wayo ko na anini, bin umarni kawai ta iya, da sauri. Irin wannan jerin umarni shi ake kira algoridim, kuma sunan ya fito ne daga al-Khawarizmi, malamin lissafi da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9.

Yadda akwatuna da kibau suka shigo

Zanen da ke cikin kayen ɗan Baba yana da nasa tarihin. A 1921, a Amurka, Frank Gilbreth, wanda da aikin gini ya fara, da matarsa Lillian, suka nuna wa ƙungiyar injiniyoyi wata dabara ta zana aikin masana'anta: kowane mataki da alamarsa, a haɗa su da layi, don a ga inda ake ɓata lokaci.

A 1946 aka nuna wa duniya ENIAC a birnin Filadelfiya, kwamfuta mai nauyin kusan tan 30, ta cika ɗaki guda. Mata shida ne suka fara tsara mata aiki, kuma zanen wayoyin cikinta suka zauna suka nazarta har suka gane ta. A 1947 Herman Goldstine da John von Neumann suka fitar da rahoto a Princeton, suka nuna cewa kafin a rubuta wa na'ura umarni, a fara zana hanyar da lissafin zai bi. Daga nan abin ya zama al'ada. Akwati mai kusurwa huɗu yana nufin "yi kaza". Wanda ya tsaya a kan tsini, irin zi na karta, tambaya ce mai amsar e ko a'a. Kibiya kuwa tana nuna inda za a dosa.

Bari mu kawo shi gida. Makiyayi zai aiki ƙaninsa shayar da garke. Akwatin farko: kora su tafki. Tambaya: da ruwa? In e, shayar, komo gida. In a'a, kibiya ta nufi rijiya. Tambaya kuma: rijiya da ruwa? In e, shayar. In a'a fa? A ce yayan ya ce "koma tafki". In da baki aka faɗa, ba wanda zai lura da matsala. Amma da an zana, ido zai ga kibiya ta zagayo inda ta fito: ranar da duka biyun suka ƙafe, yaro zai yi ta kai da kawo tsakanin tafki da rijiya har rana ta faɗi. Yaro mai hankali zai gaji ya komo gida. Kwamfuta ba ta gajiya, haka za ta yi ta zagaye, shi ne wani lokaci kuke ganin waya ta sandare. Amfanin zane ke nan ga mai koyo: kuskure yana fitowa fili tun bai ci dukiya ba.

Ranar da na'ura ta fara kallon hannun mutum

Da farko mutum zai zana a takarda, sa'an nan ya mai da zanen rubutu, a huda kati a ba na'ura. Sai masana suka ce, me zai hana ita na'urar ta karanta zanen da kanta?

A 1963 wani ɗalibi ɗan shekara 24, Ivan Sutherland, a jami'ar MIT ta Amurka, ya kammala wata manhaja mai suna Sketchpad. Yana riƙe alƙalami mai gane haske, yana zane a kan gilashin kwamfuta kai tsaye. In layukansa sun karkace, sai ya umarci na'urar ta daidaita su, ta daidaita. In ya zana abu guda ya kwafe shi sau da yawa, da ya gyara na asalin sai sauran duk su gyaru.

A 1964 cibiyar bincike ta RAND a Kalifoniya ta fito da wani allo da ake rubutu a kansa da alƙalami na musamman, rubutun ya bayyana a gilashi. Kafin ƙarshen shekarun 1960 suka gina manhajar GRAIL a kansa. Wannan ita ce kakar abin da muke magana a kai. Mutum zai zana akwati da hannu, a karkace, na'ura ta gane akwati yake nufi, ta share nasa ta ajiye mai kyau. Ya ja kibiya, ta haɗa. Ya rubuta haruffa a ciki, ta karanta. In ya yi kuskure sai ya cakuɗa layi a kai, kamar mai soke rubutu, abin ya ɓace. In ya gama, na'urar ta bi zanen ta aikata shi. Sai dai injin da ke ɗauke da wannan aiki sai gwamnati ko babban kamfani ke iya saye, shi ya sa bai iso hannun talaka ba a lokacin.

Ta yaya take ganewa? Makiyaya za su fi kowa fahimta. Kowane gida da shaidarsa a jikin dabba, ko tsagar kunne ko lalas. Shaidar ba ta taɓa fitowa iri ɗaya sak a kan shanu biyu: wata ta warke a karkace, wata gashi ya rufe rabinta, wata ta buɗe da maraƙin ya girma. Duk da haka mai ita zai tsaya a kasuwar Gogunu ya nuna tasa cikin ɗari. Yana duba abubuwan da ba sa canjawa ne: tsaga nawa, a wane kunne, ta sama ko ta ƙasa. Manhajojin farko haka aka koya musu. Suna bin bakin alƙalami, suna ƙirga sau nawa ya karya kwana, da ko ya komo inda ya fara. Kwana huɗu kuma ya rufe, akwati ne. Babu kwana kuma ya rufe, da'ira ce.

Daga baya aka koma wata dabara, irin yadda ɗan Fulani ke koyon shanu ba tare da an ba shi ƙa'ida ba, yawan gani kawai. A shekarun 1990 wani Bafaranshe, Yann LeCun, da abokan aikinsa a Amurka suka horar da na'ura da dubban lambobin da mutane suka rubuta da hannu, har bankuna suka riƙa amfani da ita wajen karanta cek. Tarin misalan da ya yi suna a wannan fanni yana da lambobi 60,000 na horarwa. Wannan dabarar ce jikokinta ke cikin wayoyin yau, waɗanda za ka ɗauki hoton rubutu su karanta maka.

Kunkuru da yara

Ta ɓangaren koyarwa kuma, sunan da ba a tsallakewa shi ne Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu. A 1967 shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro Logo, harshen kwamfuta na yara. Daga baya aka haɗa shi da wani ɗan mutum-mutumi da suka kira kunkuru, mai alƙalami a ciki. Yaro zai ce masa: yi gaba taku ɗari, juya dama, maimaita sau huɗu. Kunkuru ya zana akwati. In zanen ya fito a gurguje, yaro ya san umarninsa ne da gyara. Papert yakan sa yaro ya tashi ya taka siffar da ƙafarsa tukuna, sa'an nan ya faɗa wa kunkuru abin da ya yi. A 1982 an gwada Logo da 'yan makaranta a Dakar ta Senegal, kun ga abin ya daɗe da taka ƙasar Afirka ta Yamma.

A 2007 MIT ta fito da Scratch, inda yaro ke jera umarni kamar tubala masu launi, ba sai ya haddace rubutu ba. Da ita aka koyar da yara a makon koyon manhaja na Afirka da aka fara a 2015. Akwai kuma tsarin da malamai a ƙasar New Zealand suka fito da shi tun shekarun 1990, na koyar da tunanin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba, da kati da igiya da zane a fili. Yau kuma masu bincike a jami'o'i suna ta gina manhajojin da ɗalibi zai zana akwatunansa da hannu, na'ura ta gane su, ta nuna masa inda kibiya ta ɓata.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce, mu da ke bin shanu da buhunan masara, me ya haɗa mu da wannan? Ku tuna da 1898. A shekarar ne Faransa da Ingila suka zauna a Paris suka ja layi a takarda, suka raba Borgu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa ta faɗa hannun Ingila. Ba a tambayi madugu ko ardo ba. Har gobe wannan layi muke tsayawa a kansa a Cikanda muna nuna takardu.

To yanzu ma ana zana mana hanyoyi, sai dai a cikin waya. In za ka aika kuɗi ta MTN ko Moov, ka buga lamba, ta ce danna 1 don kaza, danna 2 don kaza, sa lambar sirri, in ka kuskure sau da yawa ta kulle. Wannan akwatuna da kibau ne, wani ya zauna ya zana su. In wanda ya zana bai taɓa sanin akwai mai ciniki da sefa da naira a rana ɗaya ba, ko mai rubutu da ajami kaɗai, ko wanda ke kwana uku a daji babu layi, to ba zai bar musu ƙofa ba. Haka na'urar gane rubutu: abin da aka nuna mata shi ta sani. In da boko aka fi horar da ita, za ta yi tuntuɓe a ajamin kakanninmu da shaidar shanunmu, sai an samu waɗanda suka san su sun zauna sun koya mata. Waɗannan kuwa daga gidajenmu za su fito. Jami'ar Paraku tun 2001 take nan a bakin ƙofarmu.

Kada kuma in yi muku daɗin baki. Zane mafari ne kawai. Wanda zai ci abinci da wannan sana'a dole ya yi lakwal, ya iya lissafi, ya iya Faransanci ko Ingilishi, ya samu na'ura da wutar da zai kunna ta, kuma ya yi shekaru yana fama. Amma matakin farko ba ya cin ko dala. Yarinyar da ke taya uwarta awo a kasuwar Arzeke za ta iya zana yadda ake ba da bashi: wannan ya biya na baya? In e, a ba shi. In a'a, a ce ya kawo rabi. Yaron ruga zai iya zana ƙirgar garke a ƙofar shinge: da sauran saniya a waje? In e, shigar da ita ka ƙara ɗaya, ka sake tambaya. In a'a, faɗi jimla. Sai a ba wani yaron ya bi zanen kamar shi ne na'ura, ba ya ƙara komai daga kansa. Inda ya tsaya yana raba ido, nan gyara yake.

Saboda haka Baba, in ɗanka ya sake zuwa hutu, ka ce ya buɗa kayen. Ka ba shi aikin da ka fi kowa sani: yadda kake sayen sa tun daga duba haƙori da taɓa tozo, da ciniki da dillali, da kuɗin kasuwa da na mota, har lissafin riba. Ka ce ya zana maka shi. Kai kuma ka bi kibau ɗaya bayan ɗaya, ka nuna masa inda ya manta cewa dabba kan rame a hanya, ko farashi kan faɗi kafin a isa Kotonu. In ya iya gyarawa ya kawo maka zanen da ba ka samu ɓaraka a ciki ba, bijimanka ba su tafi a banza ba.

Wanda ya gwada gidajen nan tara ya samu 15, ya jarraba gida 25, biyar-biyar, da ƙa'idar nan dai ba canji. Ku kira mu a shiri na gaba ku faɗa mana jimlar da kuka samu. Allah ya tsare dukiya, ya kai matafiya gida lafiya. Wassalam.